Babi na 6: Abin da A-kori-kura Take Ja, da Abin da Take Ɗauka

A jihar Arizona ta Amurka akwai wata hanya mai lamba 68. Daga bakin kogin Colorado take tashi, kusa da madatsar ruwa ta Davis, ta yi ta hawa cikin duwatsu da ƙuna har kilomita 18 kafin ta kai mashigar da ake ce wa Union Pass. Da wannan hawan ake yi wa motocin a-kori-kura jarrabawa, ko a kan hanyar kanta, ko a kwaikwaye ta a ɗakin gwaji. Sharuɗɗan ba na wasa ba ne. Sai zafin gari ya kai digiri 38 ake farawa. A kunna na'urar sanyaya mota a ƙure ta, a ɗaura tirela mai nauyin da kamfani yake son ya yi tutiya da shi, sannan a kama hawa. Ba a yarda gudu ya sauka ƙasa da kilomita 64 a awa ba, ba a yarda fitilar gargaɗi ta kama ba, ba a yarda ruwan lagireto ya zuba ba.

Hawan nan ɗaya ne daga gwaje-gwajen wata ƙa'ida mai suna J2807, wadda ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta fitar a 2008. Kafin ita, kowane kamfani shi ke auna motarsa yadda ya ga dama, shi ke shelar sakamako, kowa yana neman ya ɗara maƙwabcinsa da kilo ɗari ko ɗari biyu a talla. Toyota ne ya fara bin ƙa'idar a motocinsa na 2011. Ford da General Motors da Ram sai da suka yi ta jan ƙafa har zuwa motocin 2015. Saboda haka yau idan Ford ya ce Ranger tana jan kilo 3,400, ko Chevrolet ya ce Colorado tana jan kusan 3,500, ko Toyota ya ce sabuwar Tacoma tana jan 2,950, ba ƙarya suke yi ba. Motar ta ja, an gani.

Sai dai a tambaya, su wa ke cikin motar lokacin gwajin? Mutum biyu ne kacal, direba da abokin tafiya, an ƙiyasta kowannensu kilo 68. Babu uwargida da yara, babu kular ƙanƙara, babu janareta a bodi, babu akwatin sifanu. Shi kuwa wanda ya cire kuɗi ya sayi tirelar kwana, ai ba don ya tafi shi kaɗai da jaka ɗaya ya saya ba.

Ga wanda bai taɓa ganin irin tirelar nan ba, ɗaki ne sukutum a kan tayoyi, da gado, da murhun gas, da firji, da banɗaki, da tankin ruwa. Faɗinta yakan kai mita 2.4, tsayinta ya haura mita 3, tsawonta kuma daga mita 4 har sama da 10. Ba ta da inji. Jan ta ake yi zuwa bakin tafki ko gandun daji, a yi kwanaki a dawo. Mafi yawan waɗanda ake sayarwa a Amurka a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su, kuma a 2021, lokacin da korona ta sa mutane gudun otal da jirgin sama, masana'antar ta fitar da gidajen tafi-da-gidanka sama da 600,000, masu inji da marasa inji. Da yawa daga masu sayen sababbin shiga ne, kuma motar da ke ƙofar gidansu matsakaiciya ce, sa'ar Hilux ɗin da muka sani. Ita Hilux ba a sayar da ita a can. Tacoma ce ta gaje ta tun 1995.

Takardar da ke jikin ƙofa

Buɗe ƙofar direba ka ɗan duƙa. A jikin ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kansa akwai wata 'yar takarda manne, fara da ruwan ɗorawa. An rubuta adadin kujeru, an rubuta girman taya da iskar da za a ba ta, sannan akwai layi guda da ke cewa nauyin mutane da kaya gaba ɗaya kada ya wuce kilo kaza. Adadin nan na wannan motar ne ita kaɗai, yadda ta fito daga masana'anta. Za ka ga motoci biyu masu suna ɗaya a fili ɗaya, amma tsakaninsu akwai kilo ɗari ko fiye, domin kujerun fata da rufin gilashi da manyan tayoyi da giyar ƙafa huɗu duk nauyi ne, kuma daga rabonka aka zaftare su. Shi ya sa sau da yawa wadda ta fi tsada da ƙyalƙyali ita ce ta fi ƙarancin ɗauka. A matsakaitan motocin Amurka, adadin yakan faɗo tsakanin kilo 450 da 750.

Mai karatu zai ce, ni da zan ja, ina ruwana da ɗauka? Ruwanka shi ne tirela ba a kan tayoyinta kaɗai take tsaye ba. Wuyanta yana kwance a kan wani ƙwallon ƙarfe da ke bayan motar, kuma a tsarin tirelolin Amurka dole kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta ya sauka a kan ƙwallon nan. Wannan kason ba jan sa motar take yi ba, ɗaukar sa take yi, kuma daga adadin jikin ƙofa ake cire shi.

Mu yi lissafi da misali. A ce takardar ta ce kilo 620. Maigida 85, uwargida 70, yara biyu 70, an tashi 225. A bodi akwai kula da ƙaramin janareta da kujerun zama da kayan gyara, a ce 120. Ƙarafan jan su kansu, idan masu rarraba nauyi ne, sukan kai 40. Jimla 385, saura 235. Tirelar da kashi 13 na nauyinta zai tsaya a 235, ita ce mai kilo 1,800. Ka ga motar da talla ta ce tana jan 3,400, ranar da iyali suka shiga sai ta koma wajen rabin haka. In kuwa maigida ya biye wa talla ya ɗauko mai kilo 2,700, yana ganin ai har ya bar rara, to wuyanta kaɗai kilo 350 ne, ya yi wa motarsa obalodin sama da kilo 100 tun bai fita daga unguwa ba. Inji ba zai yi ƙorafi ba, zai ja. Sifirin ɗin baya da tayoyin baya da birki su ne za su ɗanɗana.

Akwai tarko na biyu, shi kuma a wajen dillali yake. Nauyin da ake bugawa da manyan baƙaƙe a takardar talla nauyin tirela ne babu komai a ciki. Idan an ce 1,900, sai ka ƙara ruwa, lita 150 kilo 150 ke nan, ka ƙara tukwanen gas biyu da batir, wajen kilo 60, kuma gas ɗin da batirin a kan wuya suke zama. Sannan abinci, tukwane, barguna, kekunan yara. Kafin ka ankara ta doshi 2,400. Abin da ya kamata a duba shi ne wani adadi da ke jikin tirelar ta gefen hagu, gaba-gaba, wanda ake rubuta GVWR a gabansa, wato iyakar nauyinta da kaya. Da shi ake lissafi, domin ɗaki in dai yana da loko, sai an cika shi. Dillali kuwa idan ka tambaye shi ko motarka za ta iya, abin da za ka ji shi ne, "Haba, ko a jikinta." Ba shi zai tuƙa ba.

Wuya da wutsiya

Wanda ya fahimci lissafin da ya gabata, wata dabara takan zo masa nan take: tunda nauyin wuya ne ya dame ni, bari in kwashe kaya in mayar bayan tirela, wuyan ya yi sauƙi. Wannan kuskure ne mai kashe mutane.

Duk wanda ya taɓa tura kurar ruwa ya san abin. Idan jarkoki suna tsakiya, ɗan nauyi na hannunka, kura tana bin ka lafiya. Tara su can ƙarshe, bayan tayoyi, sai mariƙin ya riƙa neman tashi sama, kurar ta riƙa kai ka inda take so. Haka tirela take. Idan nauyinta ya koma bayan tayoyinta, ba ta da abin da ke danne ta a kan layi, sai ta fara kaɗa wutsiya. Shi ya sa ake cewa kashi 60 na kaya ya zauna gaban tayoyi, masu nauyi a ƙasa, a ɗaure su kada su gangara. Masu liƙa akwatin ƙarfe ko janareta ko babur a bambar bayan tirela, da hannunsu suke kiran fitina.

Yadda abin ke faruwa ya cancanci a tsaya a kai. Kowace mota da tirelarta suna da wani gudu wanda ƙasa da shi, in tirela ta karkata, da kanta za ta dawo ta nutsu. Sama da shi kuwa, kowane lilo sai ya fi na bayansa girma. Babu alamar da ke nuna maka inda iyakar take. Lodin baya yana sauko da ita ƙasa, haka taya mai ƙarancin iska, haka doguwar tirela a bayan gajeriyar mota. Mutum yana iya yin shekara yana tafiya dab da iyakar bai sani ba, domin babu abin da ya taɓa shi.

Sai ranar da yake gangara a babbar hanya, yana kan kilomita 105, wata doguwar motar kaya ta taho ta bayansa za ta wuce. Iskar da take turowa a gabanta ta fara dukan bayan tirelarsa, ta ture shi gefe, sai ya ji motarsa tana karkata. Daƙiƙa biyu bayan nan iskar ta iso gaban tirelar, turin ya juya ɗaya ɓangaren. Ya duba madubi ya ga gefen tirelar da bai saba gani ba, ya duba ɗaya madubin ya sake ganin ta. Ƙafarsa da kanta take neman birki, hannunsa yana neman ya murɗa sitiyari ya gyara. Dukansu biyu ƙara wa wuta fetur ne. In ya taka birkin mota, motar ta rage gudu, tirelar da ke karkace ba ta rage ba, sai ta turo bayan motar gefe, su naɗe. In ya ce zai bi ta da sitiyari, hannun ɗan Adam bai kai saurin lilon ba, kullum a makare yake, sai gyaransa ya zama ƙarin turi.

Abin yi guda uku ne, kuma a tare ake yin su: riƙe sitiyari sak, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, sannan a kai hannu ga na'urar birkin tirela a matse ta. Tirela ta ja baya, mota tana gaba, sai layin ya miƙe. Idan an tsira, ba a ci gaba da tafiya a ce Allah ya kiyaye kawai. A sauka gefen hanya a binciki lodi da iskar taya, domin abin da ya jawo shi yana nan.

Motocin zamani da dama suna da kwamfutar da ke jin lilon ta taka birkin tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Tana taimako ƙwarai, amma sai abu ya riga ya fara take shigowa.

Game da tsawo, masu harkar suna da wani ƙiyasi da suka gada, ba doka ba ce, ba kuma daga injiniyoyi ta fito ba: motar da tazarar tayoyinta na gaba da na baya ta kai mita 2.8 za ta riƙe tirela mai mita 6, kuma duk ƙarin santimita 10 a mota yana ba da ƙarin santimita 30 a tirela. Matsakaitan a-kori-kura suna wajen mita 3.3, abin da ke kai mu mita 7.5. A ganina wannan ma iyaka ce ta wanda hannunsa ya faɗa. Sabon shiga ya tsaya ƙasa da mita 7.

Ƙarafan da ke tsakani

Idan aka sauke wuyan tirela mai nauyi a kan ƙwallo, bayan mota yakan zauna, gabanta ya ɗaga. Fitilu su koma haska rassan itatuwa, sitiyari ya yi sakayau, tayoyin gaba, waɗanda su ne ke juya mota kuma su ke yin mafi yawan aikin birki, su rasa kamun ƙasa. Maganinsa shi ne maƙala mai rarraba nauyi: sanduna biyu na ƙarfe masu tauri da ake ɗamewa daga ƙasan ƙwallo zuwa wuyan tirela, su mayar da wani kaso na nauyin kan tayoyin gaba, wani kuma kan tayoyin tirela. Ana saita ta da tef ɗin awo. Ka auna daga ƙasa zuwa bakin mudgad ɗin gaba kafin a haɗa, ka sake aunawa bayan an haɗa, sannan ka riƙa ɗame sandunan har gaban ya sauko gwargwadon yadda littafin motar ya ce. Wasu kamfanoni rabi suke so a mayar, wasu duka, wasu ma ba su yarda a sa ta a motarsu ba, don haka littafin ne alƙali. Abin da ba ta yi shi ne ƙara wa mota ikon ɗauka. Nauyin yana nan, wurin zama kawai ya sauya.

Birkin tirelolin Amurka na lantarki ne, ta filogi mai baki bakwai yake samun umarni, kuma sai da wata 'yar na'ura kusa da gwiwar direba ko a jikin dashbod. A nemi irin wadda ke jin ƙarfin takun direba ta ba tirela daidai da shi, ta fi mai ƙidayar daƙiƙa nesa ba kusa ba. Saitinta a fili ake yi, inda babu motoci: ka kai kilomita 40, ka matse ta da hannu ba tare da ka taka birki ba. Tayoyin tirela suka ƙulle suka yi ƙara, ka rage. Ba ka ji an riƙe ka ba, ka ƙara. Jihohi da yawa sun wajabta birki ga duk tirelar da ta haura kilo 1,360, Kalifoniya kuma tun daga 680 ga tirelar kwana.

Wajen haɗawa, abin da na fi so mutum ya mayar al'ada shi ne wannan. Bayan bakin tirela ya hau ƙwallo, an rufe sakata, an zura mata fil, kada a naɗe jak tukuna. A murɗa shi sama. Idan haɗin ya kama, za ka ga bayan motar yana tashi tare da wuyan tirela. Idan bakin zama kawai ya yi a kan ƙwallo bai haɗiye shi ba, nan take zai rabu, a tsakar gida maimakon a kan titi. Sarƙoƙi biyu a gicciye su ta ƙarƙashin wuya, yadda in ya zame zai faɗa a kansu, ba zai caki kwalta ba. Akwai kuma wata siririyar waya da ke fizge fil ta ƙulle birkin tirela idan tirelar ta tsinke gaba ɗaya. Ita a jikin motar ake maƙala ta, ba a jikin sarƙa ko ƙwallo ba, kuma ba ta aiki in batirin tirela ya mutu. Daga nan sai wani ya tsaya a baya a gwada masa sigina da fitilar birki, a cire waigi, a tafi. Idan ana cikin haɗawa wani ya zo gaisuwa, a gama gaisawa a koma daga farko.

Ribas ba ya buƙatar dogon bayani, yi ne kawai ke koyar da shi. Hannu a ƙasan sitiyari, inda ka kai hannun nan bayan tirela zai nufa, kaɗan-kaɗan. Mai duba maka ya tsaya inda kake ganin sa a madubi. Ya ɓace, ka tsaya.

Iska, gangara, da taya

Tirelar kwana ta fi motar da ke jan ta faɗi da wajen rabin mita, ta fi ta tsayi da sama da mita ɗaya. Bango ne kake ja cikin iska, kuma turjiyar iska ninki huɗu take yi idan gudu ya ninka sau biyu. Tirelar kwale-kwale da tirelar kwana masu nauyi ɗaya ba wahala ɗaya suke ba mota ba. Shan mai yakan kusan ninkawa, tankin matsakaiciyar mota kuwa ba babba ba ne, saboda haka a san gidan mai na gaba tun kafin allura ta kai kwata. Madubin da motar ta zo da shi ba ya hango bayan abin da ya fi ta faɗi, sai an ƙara masa na ɗaurawa. Ranar da iska ke kaɗa itatuwa tana dukan gefe, mafi alheri a kwana inda ake.

Hawa yana ba inji wahala, amma gangara ce ke kisa. A babbar hanya mai lamba 70 a jihar Colorado, ramin Eisenhower yana kan tsayin mita 3,400. Injin da ba shi da turbo yakan rasa kashi 3 na ƙarfinsa a duk mita 300, ke nan kafin ya kai can sulusinsa ya tafi. Wannan jinkiri ne kawai, a bi layin dama a haƙura. Fitowa daga ramin ta yamma kuwa, gangara ce ta fiye da kilomita 10, har an tanadi tudun tsakuwa a gefe don motocin da birkinsu ya ƙone. Direbobinmu masu bin Hawan Kibo a hanyar Jos sun san ƙaurin nan. Ana sauke giya tun a saman tudu, kafin gudu ya taru, a bar inji ya yi ta kuka, kukansa ba ya kashe shi. Gudu ya ƙaru, a taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci, a rage sosai, a saki ya huce. Ɗora ƙafa a kai a hankali har ƙasa shi ke dafa birki. In motar tana da maɓallin jan kaya a jikin giya, a danna shi tun daga gida.

Tayoyin tirela, waɗanda lambarsu ke farawa da ST, an daɗe ana ƙera su da iyakar kilomita 105 a awa, sai in an rubuta wani abu daban a jikinsu. Kuma tsufa ne ke kashe su, ba tafiya ba, domin tirela takan yi watanni a ajiye cikin rana. Taya tana iya zama da zanenta raɗau alhali ta ruɓe ta ciki. A gefenta akwai lamba da ke farawa da DOT, alƙaluma huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ta haura shekara biyar zuwa shida, a sauya ta ko da ba ta ci ba. Iska da safe ake aunawa, taya na sanyi. Duk inda aka tsaya a zagaya a kai bayan hannu kusa da cibiyar kowace ƙafa. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi tana da magana.

Batun gudu kuwa, hukumomi ba su bar shi ga ra'ayi ba. Kalifoniya ta tsayar da duk mai jan tirela a kilomita 88. Ingila ta ce 96 a manyan hanyoyi, 80 a ƙanana. Jamus ta ce 80, sai mai izini na musamman ne zai kai 100. Tirelolin Turai ba su da nauyin wuya kamar na Amurka, kuma wannan ƙarancin gudun yana cikin abin da ke riƙe su a kan hanya. Ke nan ba a ɗaukar lodin Turai a haɗa shi da gudun Amurka.

Wannan ya shafe mu, domin motocin da ke hannunmu daga ɓangarorin biyu suke zuwa. Gaskiya ne a Turai da Ostareliya ana ba wasu samfuran Hilux izinin jan kilo 3,500, amma da sharaɗin tirelar tana da birkinta. In ba ta da shi, iyakar 750 ce. Yanzu dubi abin da ake ja a garuruwanmu: janareta, injin kwaɓa siminti, tankin ruwa, mafi yawa ba birki, ba fitila. Tanki mai lita 1,000 ruwansa kaɗai kilo 1,000 ne, ba a sa ƙarfensa ba. In rabi aka cika ma ya fi haɗari, domin ruwan gaba da baya yake gudu, ka taka birki ya biyo ka da duka. Ƙugiyar da mai walda ya liƙa a jikin bamba ba abin ja ba ce. Maƙala ta gaskiya a jikin shasi ake ɗaure ta da kusoshi, kuma da adadin nauyinta a rubuce. A kuma lura da ƙwallo. Na Turai milimita 50 ne. Na Amurka kala uku ne, wajen milimita 48 da 51 da 59. A ido ƙananan duk ɗaya suke, amma bakin 51 a kan ƙwallon 48 zai rufu lafiya lau, ya yi tafiya, sai a ramin farko mai zurfi ya yi tsalle ya fita. Girman yana buge a saman ƙwallo da jikin bakin tirela, a karanta.

Duk lissafin da muka yi a baya ƙiyasi ne har sai an hau sikeli. A Amurka abin da sauƙi, tashoshin manyan motoci da yawa suna da sikelin kamfanin CAT mai faranti uku, kuɗinsa bai kai na abincin rana na mutum biyu ba. Ana zuwa ne yadda za a yi tafiyar, da iyali, da kaya, da ruwa, da cikakken tanki. Tayoyin gaba a faranti na farko, na baya a na biyu, na tirela a na uku. A auna da sandunan rarraba nauyi a ɗame, a sake aunawa an kwance su, sannan a ajiye tirela a auna mota ita kaɗai. Nauyin mota a awo na biyu, a cire nauyinta a awo na uku, abin da ya rage shi ne nauyin wuya na haƙiƙa. Sai a gwada sauran alƙaluman da iyakokin da ke jikin ƙofa da littafin mota: na tayoyin gaba, na tayoyin baya, na motar duka, da na mota da tirela a haɗe. A wajenmu ma duk inda ake auna motocin hatsi ko na tsakuwa, sikelinsu zai yi wannan aikin, sai dai a riƙa hawa da ƙafa bibbiyu.

Wanda sikeli ya nuna masa ya haura, kada ya tafi kanti neman ƙarin sifirin ko balan-balan ɗin iska. Waɗannan suna ɗaga bayan mota ta yi kyan gani, amma ba sa ƙara mata birki, ba sa ƙara wa taya ƙarfi, ba sa kuma sauya adadin da kamfani ya rubuta. Ya zubar da ruwan tanki ya cika a can inda za shi, ya rage kaya, ya sake hawa sikeli. In har yanzu bai shiga ba, to tirelar ta fi ƙarfin motar, ɗaya daga cikinsu za a sauya.